Me ya sa ruwa yake nisa a Tumfure alhali a Bauchi mai duwatsu yana kusa?

Mazaunin_Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar ruwa. Na kusa kammala gini a Tumfure da ke yammacin garin Gombe, kuma da na tuntuɓi masu haƙar rijiyar burtsatse sai suka ce kada in sa rai da ruwa mai ɗorewa sai an doshi mita 200, kuɗin da suka yanka mini kuwa ya kusa kai na rufin gidan gaba ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yayana da ke zaune a Yelwa cikin garin Bauchi bai kai mita 50 ba ya samu ruwa, alhali duk inda ka duba a Bauchi duwatsu ne, mu kuwa nan yashi ne da jar ƙasa. A tunanina, inda dutse yake nan ne ya kamata ruwa ya yi wuya. Shin ƙasar ce ta bambanta da gaske, ko masu haƙar ne suka ga mun matsu suke ƙara zurfi don su ƙara kuɗi? Kuma idan an sha wahala an kai ga ruwan, wane tabbaci mutum yake da shi cewa mai kyau ne?

Abban_Pantami:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina ganin akwai son kai a cikin lamarin, domin duk wanda ya ga mutum ya gama gini yana ɗokin tarewa ya san zai biya ko nawa ne. Ina ba ka shawara ka ji ta bakin mutum uku ko huɗu kafin ka ba kowa aikin.

Mai_Injin_Haƙa:
Malam Abban_Pantami, shawararka ta neman farashi daga wurare da dama tana da kyau, amma kada a yi mana kuɗin goro. Wannan sana'a ita nake ci da iyalina, kuma na yi aiki a jihohin biyu. A cikin garin Bauchi da iska muke haƙa: kwamfiresa ce take tura hama tana daka dutse, ƙura tana tashi, kuma sau da yawa ana gamawa cikin yini ɗaya ko biyu. Kesin ma, wato bututun da ake zurawa don ya riƙe bangon ramin, iyakarsa saman nan mai laushi, domin da an shiga dutse ramin yana riƙe kansa. A yammacin Gombe kuwa yashi ne mai zubewa, dole a haƙa da ruwan laka don ya riƙe bangon ramin, kuma akwai wuraren da ƙasa take shanye ruwan lakar gaba ɗaya har sai an yi ta sayen tanka ana ƙarawa. Bayan haka sai an jera kesin mai kauri tun daga sama har ƙasa, a sa mai ramuka daidai inda ruwan yake, a zuba tsakuwa a kewaye, sannan a nemo sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar, mai ƙarfin da zai ɗago ruwa daga wannan zurfi. Aikin ba iri ɗaya ba ne, don haka kuɗin ba zai zama ɗaya ba.

Malamin_Duwatsu:
Abin da Mai_Injin_Haƙa ya faɗa daga wurin aiki shi ne abin da muke koyarwa a aji, sai dai zan so in bayyana dalilinsa, domin tambayar Mazaunin_Tumfure tana da tushe.

Garin Bauchi yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin giranit da danginsa, wanda ya fi shekara miliyan 500. Shi wannan dutse a karan kansa ba ya riƙe ruwa ko kaɗan. Ruwan da ake samu yana wuri biyu ne kawai: cikin saman dutsen da ya ruɓe saboda daɗewa, wanda kaurinsa yakan kama daga 'yan mitoci zuwa wajen mita 30, da kuma cikin tsagogin da suke ƙarƙashinsa. Ruwan sama idan ya nitse, dutsen da ke ƙasa ne yake tare shi ya hana shi wucewa, shi ya sa yake kusa. Amma kusancin yana da aibinsa. Ruwan ba shi da yawa, yana raguwa sosai daga watan Maris zuwa Mayu, kuma mutum zai iya samun ruwa maƙwabcinsa na jikin katanga ya rasa, saboda ɗaya ya faɗa kan tsaga ɗayan bai faɗa ba. A irin wannan ƙasa, idan an wuce inda tsagogi suke, ci gaba da haƙa asarar kuɗi ce.

Gombe kuwa labarinta daban ne. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta yi wani dogon kwari wanda masana suke kira kwarin Binuwai, kuma reshensa ɗaya ya biyo ta inda kogin Gongola yake a yau. Koguna da teku suka yi ta zuba yashi da laka a cikinsa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. A can ƙasa akwai dutsen yashi na Bima, sai na Yolde, sai dutsen laka na Pindiga, sai dutsen yashi na Gombe, a sama kuma shimfiɗar Kerri-Kerri, wadda ita ce ta rufe yammacin jihar, daga tudun da Tumfure take har zuwa sassan Akko da Kwami da Dukku, ta kuma ratsa zuwa Alkaleri da Kirfi da Darazo a jihar Bauchi. Kerri-Kerri yashi ce mai kauri a kan tudu, kuma ruwa yana bi ta cikinta kamar yadda yake bi ta rariya. Ba ya tsayawa sai ya tarar da laka a can ƙasa ƙwarai. Saboda haka a wurare da yawa na wannan yanki ba a isa ruwa sai an wuce mita 100, wani wurin ma sai an ninka haka. Zurfin da aka faɗa maka, ɗan'uwa, ba abin mamaki ba ne a wannan gefe na gari.

Ɗan_Dukku:
Allah ya saka da alheri, Malam. Mu mutanen Dukku da ƙauyukanta mun san wannan magana tun kafin mu san sunanta a boko. Kakanninmu sun haƙa rijiyoyi masu zurfin da sai an ɗaura igiya a jikin jaki ko sa ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito, kuma ƙauyuka da yawa har yanzu da ruwan tafki suke rayuwa, su da dabbobinsu, har ya ƙafe a tsakiyar rani. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kawo mana famfon tuƙa-tuƙa irin wanda ake kafawa a inda ruwa yake kusa. Hannun mutum ba ya iya ɗago ruwa daga wannan zurfi, don haka ko an kafa ba ya daɗewa yake zama kwalliya. Wanda zai taimaki yankinmu sai ya zo da burtsatse mai zurfi da inji mai aiki da hasken rana da babban tanki, in ba haka ba kuɗin jama'a ne kawai zai salwanta.

Abban_Pantami:
Na karɓi bayanin, amma ina da ja a wuri ɗaya. Na san gidaje a gefen yamma da suka samu ruwa ba su yi wannan zurfin ba. Idan ƙasar duk iri ɗaya ce, yaya aka yi suka samu?

Malamin_Duwatsu:
Tambaya ce mai kyau, Malam. A cikin yashin akwai ƙananan shimfiɗun laka a warwatse, kuma kowace tana iya tare ɗan ruwa a samanta. Wanda ya ci karo da irin wannan zai ga ruwa ya yi murna, musamman idan an haƙa da damina ko da kaka, amma ruwan ba shi da alaƙa da babban ruwan da ke ƙasa, kuma yakan ƙare idan rani ya yi nisa. Ka tambayi masu gidajen yadda rijiyoyin suke a watan Afrilu, amsarsu ita ce za ta raba mana gardama.

Uwargida_Bolari:
Ina gaishe da malamai. Ni abin da ya fi damuna shi ne kashi na biyu na tambayar, wato kyan ruwan. A wasu unguwanni na cikin gari ruwan rijiya yana da zartsi, sabulu ba ya kumfa da shi, wake yana daɗewa bai nuna ba, kuma idan aka daɗe ana tafasa shi a buta sai wani farin abu ya daskare a gindinta. Shi ya sa mata da yawa suke ware ruwa kashi biyu, na wanki da wanke-wanke daban, na sha da girki kuma a saya wurin 'yan garuwa. Shin wannan ma daga dutsen ne?

Ɗalibar_Kimiyya:
Hajiya, daga dutsen ne. Shimfiɗar Pindiga da Malam ya ambata a ƙarƙashin teku ta taru, shi ya sa har yau ake tsintar ɓawon halittun teku da suka zama dutse a wajen Pindiga da Ashaka. A cikinta akwai dutsen farar ƙasa, wanda shi ne kamfanin siminti na Ashaka yake haƙa a ƙaramar hukumar Funakaye, akwai kuma wani farin ma'adini da ake kira jifsam. Ruwan da ya daɗe yana kwance a cikin irin wannan ƙasa yana narkar da su, sai ya ɗauki sinadarin kalsiyam da salfet. Kalsiyam ne yake hana sabulu kumfa yake kuma daskarewa a buta, salfet kuwa shi yake kawo ɗaci-ɗacin nan, kuma idan ya yi yawa yana sakin cikin baƙon da bai saba ba. Ƙari a kan haka, dutsen laka ba ya sakin ruwa da yawa, don haka mai rijiya a kansa yana fama da abu biyu, ƙarancin ruwa da rashin garɗi.

Mazaunin_Kumo:
Namu kuma fari tas yake fitowa daga famfo, amma idan ya kwana a bokiti sai ya koma ja, ya ɓata fararen kaya da tayil ɗin banɗaki.

Ɗalibar_Kimiyya:
Wannan ƙarfe ne da ya narke a cikin ruwan, Yaya. Dutsen yashi na Gombe da na Kerri-Kerri duka suna da ƙarfe a jikinsu, shi ne ma ya ba ƙasar jan launinta. A can ƙasa inda babu iska ƙarfen yana narke ba a ganinsa, amma da ruwan ya sha iska sai ya koma tsatsa. Da zarar ya wuce miligiram 0.3 a lita yake fara ɓata kaya da ɗanɗano. Sauƙin abin shi ne maganinsa ba shi da tsada: a bar ruwan ya zubo ta sama yana watsuwa cikin tanki don ya sha iska, a bar shi ya kwanta, sannan a bi da shi ta cikin yashi mai tsabta da tsakuwa. Wannan matsala a ido take, ita ce ma ta fi sauƙi. Wadda take ba ni tsoro ita ce wadda ba ta da launi ba ta da wari.

Ɗiyar_Kaltungo:
Na san abin da ƙanwata take nufi, domin a cikinsa muka tashi. Duk wanda ya san Kaltungo da sassan Billiri ya san yadda haƙoran mutane da yawa suke da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, har baƙo yakan zaci goro ne ko rashin wanke baki. Ba haka ba ne. Duwatsun giranit da suka kewaye mu suna sakin sinadarin fuloraid a cikin ruwan ƙasa, kuma ruwan garau yake, mai sanyi, babu abin da zai sa ka yi zarginsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma haka ta ce, kuma an sha auna rijiyoyi a yankinmu a tarar sun haura wannan. Illar tana kama yaro ne tun haƙoransa na dindindin suna cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas, kuma idan ta kama ba ta gogewa. Na ga 'yan mata masu hankali da ilimi da ba sa iya dariya a cikin mutane sai sun rufe baki, kuma wannan ba ƙaramin ciwo ba ne a zuciyar yarinya. Inda sinadarin ya yi yawa ƙwarai kuma aka daɗe ana sha, har ƙashi da gaɓoɓi yake taɓawa. Don haka ina roƙon Mazaunin_Tumfure da duk mai niyyar haƙa, ko a ina yake, kada ya ɗauka cewa ruwa mai haske shi ne ruwa mai lafiya.

Uwargida_Bolari:
Allah sarki. To idan aka tafasa shi fa, ko aka sa alif kamar yadda muke yi wa ruwan da ya gurɓace?

Ɗiyar_Kaltungo:
Hajiya, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire fuloraid, hasali ma idan ruwan ya ƙone ya ragu sai sinadarin ya ƙara taruwa a cikin wanda ya saura. Akwai wata hanya da aka ƙirƙiro a Indiya ta haɗa alif da farar ƙasa a kan ma'auni, amma sai wanda ya san awon, ba a yin ta da ka. Na'urar tacewa mai matse ruwa ta cikin fata mai ƙananan ƙofofi, irin wadda manyan masu ruwan leda suke amfani da ita, tana cirewa, sai dai ba kowane gida ne zai iya saye ba. Abin da ya fi sauƙi ga talaka shi ne a gano rijiyoyin da nasu bai yi yawa ba a ware su don sha, musamman ga yara, ko a tara ruwan sama.

Ma'aikacin_Lafiya_Wunti:
Zan ƙara wani abu game da Bauchi, domin kada Mazaunin_Tumfure ya yi ta ganin yayansa ya more. Kusancin ruwa a kan dutse yana nufin duk abin da aka zuba a ƙasa yana saurin isa gare shi. A tsofaffin unguwanni masu cunkoso za ka tarar da rijiya da masai a gida ɗaya, tsakaninsu bai fi taku goma ba, alhali shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30, kuma masan ya kasance a gangare ba a saman rijiyar ba. A cikin yashi ruwa yana tacewa a hankali yayin da yake tafiya, amma a cikin tsagar dutse gudu yake yi ba tare da wani abu ya tace shi ba. Wannan yana daga cikin dalilan da suke sa amai da gudawa yake tashi da farkon damina. Akwai kuma naitiret, sinadarin da yake shiga ruwa daga masai da taki, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai ne ya fi yi wa lahani idan ana haɗa musu madara da irin wannan ruwa. Ta wannan fuskar, ruwan da yake can ƙasa da mita 100 ya fi samun kariya, matuƙar an toshe bakin rijiyar da siminti yadda ruwan kwata ba zai bi jikin kesin ya gangara ba.

Mai_Injin_Haƙa:
Wannan toshewar da Malam ya ambata ita ce abin da masu aiki da arha suke tsallakewa, kuma mai gida ba ya gani domin a ƙarƙashin ƙasa take. Duk wanda zai ba da aiki ya tsaya a wurin ranar da za a zuba simintin.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin kun bar babbar magana a baya. Idan ƙasar Gombe haka Allah ya yi ta, to ba a kan kowane magidanci ya kamata nauyin ya faɗa ba. Tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1996 an san garin nan da ƙarancin ruwa. Madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola an kammala ta tun a shekarun 1980, kuma a zamanin mulkin Danjuma Goje aka jawo ruwanta zuwa cikin gari, kamar yadda Bauchi ta dogara da madatsar Gubi saboda dutsenta ba zai iya shayar da babban birni ba. Sai dai Dadin Kowa tana kwari ne, Gombe tana tudu, tsakaninsu fiye da kilomita 30, don haka kowace lita sai an tura ta sama da ƙarfin lantarki, kuma unguwannin yamma su ne suka fi tsayi suka fi nisa. Garin kuma ya faɗaɗa fiye da yadda aka shimfiɗa bututu. A ganina, ƙarfin da mutane ɗari za su kashe kowa yana huda ƙasa a gidansa, da sun haɗa shi wajen neman a kai musu bututu da tankin unguwa, da ya fi amfani, domin idan kowa ya zura sumo a ruwa ɗaya, ƙasa zai yi ta yi, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne zai fara rasawa.

Ɗan_Azare:
Baba ya yi gaskiya, amma a lura cewa ba ko'ina ne yake buƙatar madatsa ba. Mu a ƙasar Katagum muna kan shimfiɗar tafkin Chadi ne, kuma a fadamun kogin Jama'are manoman rani da hannu suke huda ƙasa su zura bututu su samu ruwa a 'yan mitoci. Matsalarmu a wasu wuraren ita ce kanwa da gishiri, da kuma taki da maganin feshi da suke nitsewa cikin ruwan da yake kusa. A jihar Bauchi ɗin nan kuma ga Wikki a Yankari, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa da kansa daga ƙarƙashin dutsen yashi, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina. Jiha ɗaya ce, amma tsarin ruwan da ya dace da Azare ba zai yi aiki a Alkaleri ba.

Mazaunin_Tumfure:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na fahimci cewa zurfin ba ƙirƙira ba ce. Yanzu abin da ya rage mini shi ne, wani ya ce in biya a zo da na'ura a auna filin kafin a fara. Shin na'urar tana nuna ruwa da gaske?

Malamin_Duwatsu:
Ba ruwa take gani ba, ɗan'uwa. Lantarki take aikawa cikin ƙasa ta auna yadda kowace shimfiɗa take barinsa ya wuce, sai masani ya fassara sakamakon. Laka mai danshi da ruwan zartsi duka suna barin lantarki ya wuce da sauƙi, don haka wanda bai san ƙasar yankin ba zai iya nuna maka laka ya ce ruwa ne. A Bauchi awon yana da matuƙar amfani wajen neman tsaga da inda dutse ya fi ruɓewa. A wurinku kuwa, domin a leƙa zurfin mita 200 sai an shimfiɗa waya mai tsawon gaske, abin da yake da wuya a unguwar da aka riga aka gine. Ban ce kada ka yi ba, amma bayanin rijiyoyin da suke kusa da kai ya fi shi daraja: zurfinsu, inda aka fara cin ruwa, inda aka rataye sumo, da yadda suke yi a ƙarshen rani. Idan an gama kuma, ka sa a yi ta jan ruwan na sa'o'i masu yawa a ga ko zai riƙe, sannan ka kai samfuri ɗakin gwaje-gwaje a duba ƙwayoyin cuta da fuloraid da naitiret da ƙarfe kafin yara su fara sha.

Ɗalibar_Kimiyya:
Ina so in ƙara jan hankali kan ruwan sama da Yaya Ɗiyar_Kaltungo ta ambata, domin an wuce shi da sauri. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, a shekarar da aka yi ruwa milimita 800, lita 80,000 ce take sauka a kansa. Ko an cire wanda ya zube da na farkon da ake bari ya wanke kwano, abin da ya saura ba kaɗan ba ne, kuma ba shi da zartsi ba shi da fuloraid. Ruwan nan da muke bari yana kwarara daga rufi zuwa titi shi ne yake taruwa ya ci yashin da garin yake kai, ya buɗe manyan kwaruruwan da suke cinye gidaje a cikin Gombe.

Ɗan_Dukku:
Lissafin daidai ne, ƙanwata, amma ranin namu wata bakwai ne, kuma tankin da zai ɗauki ruwan da zai kai iyali har damina ta dawo shi ma kuɗi ne mai yawa. Zai rage wahala, ba zai maye gurbin rijiya ba.

Abban_Pantami:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa a tsaya a ƙirga bututun da aka zura a rami, domin zurfin da aka faɗa da baki da wanda aka haƙa ba kullum suke zama ɗaya ba. Game da shawarar Baba kuma, na ga inda maƙwabta suka haɗa kuɗi suka yi rijiya ɗaya, aka zauna lafiya har ranar da sumo ya ƙone, daga nan aka rasa mai fitar da kuɗin gyara.

Mai_Injin_Haƙa:
Ƙirga bututu haƙƙin mai aiki ne, kuma duk mai haƙar da ya hana ka tsayawa a kansa ka sallame shi. Maganar haɗin gwiwa kuwa, a irin zurfin Tumfure rijiya ɗaya da aka yi da kyau takan ɗauki gidaje da dama, kuma inda na ga abin ya ɗore, tun ranar farko aka rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, aka sa ɗan kuɗi a kan kowace jarka ana ajiyewa don gyara. Malam Mazaunin_Tumfure, kafin ka yanke shawara ka zagaya layinku ka ji gida nawa ne suke sayen tanka a yanzu, ka kuma tambayi masu burtsatse biyu mafi kusa da kai a mita nawa suka rataye injinsu.